Mai shakka Kirista ne? Ina koyar da makarantar Lahadi amma hankalina bai kwanta ba

Malamin_Lahadi
Salama 'yan'uwa. Tambaya gare ni, kuma ina roƙo a amsa ta a matsayin tambaya, kada a mai da ni abin addu'ar korar aljanu.

Mutumin da ke da shakka a zuciyarsa, har yanzu Kirista ne? Ba wanda ya bar sujada nake nufi ba. Yana zuwa coci, yana addu'a, yana buɗe Littafi Mai Tsarki da safe, amma akwai wuraren da in ya karanta hankalinsa ba ya kwanciya, akwai kuma daren da zai durƙusa ya tashi bai tabbata akwai mai saurarensa ba. Ni ne mutumin, kuma ina koyar da ajin matasa a wata ikkilisiya a nan Kaduna.

Abu biyu ne. Wani abokin aikina Musulmi, mutumin kirki, ba faɗa muke yi ba, ya buɗe mini 2 Sarakuna 8:26 inda aka ce Ahaziya yana da shekara 22 ya hau sarauta, sannan ya buɗe 2 Tarihi 22:2 a fassarar Turanci ta King James inda aka ce 42. Na rasa ta cewa. Na biyun ya fi nauyi. Tun da aka kwashe ɗaliban makarantar Bethel Baptist a 2021 nake tambayar kaina abin da muke nufi in muka ce Allah yana tsare nasa. In faɗa wa dattawa? In ajiye koyarwar? Ko in yi shiru yadda nake zaton mutane da yawa suna yi?

Zaki_na_Yahuza
Ɗan'uwa, tambayar farko da aka taɓa yi a kan maganar Allah maciji ne ya yi ta, Farawa 3:1. Ka san inda ta kai mu. Yakubu 1:6-8 kuma bai ɓoye komai ba, mai shakka kamar raƙuman teku yake, kada ya sa rai zai sami wani abu wurin Ubangiji. Ka shiga azumi, ka kuma rage zama da mai nuna maka ayoyin nan.

Kande_Narayi
Mutum ya roƙa kada a yi masa haka, amsar farko kuma ita ce wannan. Haba Zaki. To Toma fa? Ba manzo ba ne?

Zaki_na_Yahuza
Toma ai tsawata masa aka yi. Albarka ga waɗanda ba su gani ba amma suka ba da gaskiya. Ki karanta har ƙarshe.

Kande_Narayi
Na karanta har ƙarshe, kai ne ka tsallake tsakiya. Yohanna 20:26 ta ce bayan kwana takwas almajiran suna cikin gida, Toma kuma yana tare da su. Mako guda cur mutumin nan yana cewa shi bai yarda ba, ba wanda ya kore shi daga ɗakin, ba wanda ya sa shi ƙarƙashin horo. Da a wasu ikkilisiyoyinmu ne, da kafin Yesu ya dawo an riga an karanta sunan Toma a sanarwa an mai da shi bencin baya.

Dalibar_Tauhidi
Yaya Malamin_Lahadi, bari in ɗauki na farkon, don shi ne mai sauƙi. Ka duba 2 Tarihi 21:20. Yehoram, uban Ahaziya, ya hau sarauta yana da shekara 32, ya yi shekara 8 yana mulki, ya mutu yana da 40. In ɗansa ya gaje shi yana da 42, to ɗa ya girmi ubansa da shekara biyu. Littafin Tarihin da kansa ya nuna 22 ce daidai, 42 ɗin kuskuren mai kwafa da hannu ne. Shi ya sa fassarar Turanci ta NIV ta rubuta 22 ta yi bayani a ƙasan shafi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne a makarantar tauhidi ake koya mana waɗannan abubuwa tun shekarar farko, amma ba sa isa bagadi. Fastonka ya san tsofaffin kwafe biyu na ƙarni na 4, wanda aka samo a Sina'i da wanda ke ajiye a Batikan, sun tsayar da Markus a 16:8. Ya san labarin matar da aka kama da zina, Yohanna 7:53 zuwa 8:11, ba ya cikin kwafe mafi tsufa. Ba asiri ba ne, a rubuce yake da ƙananan haruffa a ƙasan Baibul ɗin da ke hannunka. Amma sai mu bar ɗan ikkilisiya ya fara jin sa daga bakin wani a ofis, ya ji kamar an yi shekara da shekaru ana ɓoye masa wani abu.

Ikkilisiyoyin bishara ba su taɓa koyar da cewa kowane mai kwafa ba ya kuskure ba. Abin da 2 Timoti 3:16 ta ce shi ne Nassi hurarre ne daga Allah. Muna da kwafen Sabon Alkawari na Helenanci sama da 5,000, yawansu ne ma ya sa ake iya gane inda hannun wani ya zame.

Bakanike_Kakuri
Kai! Wannan lissafi na 32 da 8 ban taɓa lura da shi ba. Na gode ƙanwata. Ni ma an taɓa ƙure ni da ayar nan a gareji, na ce ai ba a fahimtar maganar Allah da ƙwaƙwalwa, suka yi ta dariya.

Dattijo_ST
Ɗana, na karanta abin da ka rubuta a natse. Ba zan ce maka kai ba Kirista ba ne, wannan ba hurumina ba ne, mai ceto ne ya san nasa. Amma ka yi tambaya biyu ka haɗa su wuri ɗaya. Zama ɗan ikkilisiya daban, tsayawa gaban yara da alli daban. Direban da bai tabbata da birkinsa ba, ba laifi ya tuƙa motar a hankali zuwa wurin bakanike, amma ba ya tsayawa a tasha ya yi lodin fasinja. Yakubu 3:1 ta ce kada da yawa su zama masu koyarwa, domin shari'arsu ta fi tsanani. Shawarata ka huta na ɗan lokaci.

'Yata Dalibar_Tauhidi, bayaninki ya yi kyau, amma ki yi hattara. Mu da muka girma muka ji labarin Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya rasu a ruwa a Kenya a 1975, mun san abin da ya yi ta gargaɗi a kai: ranar da ikkilisiyar Afirka ta sassauta riƙon da ta yi wa Littafi Mai Tsarki, komai zai shigo. Yau kuskuren mai kwafa, gobe a ce Yunusa tatsuniya ce, jibi a ce kabarin ma ba a tabbata ba.

Dalibar_Tauhidi
Baba, na karɓi gargaɗinku. Sai dai Kato ɗin har Dallas ta Amurka ya je ya yi digirin digirgir a tauhidi. Duk abin da na rubuta a sama ya san shi, bai kuwa rage masa riƙo ba.

Maman_Tagwaye
Kun tsaya kan shekarun sarki kun bar abin da yaron nan ya ce ya fi masa nauyi. Ni a nan zan yi magana.

An ɗauke ƙanen mijina a gonarsa. Muka sayar da masarar da ba a girbe ba, muka sayar da fili, zumuntar mata ta yi karo-karo, na ga tsohuwa ta kwance bakin zaninta ta ciro kuɗin da ta ɗaure na magani ta ajiye a faranti. Suka ce a haɗa da babur sabo da katin waya da buhun shinkafa. Aka kai. Kowane dare muna majami'a muna kwanan addu'a, har wata ta ce an nuna mata a mafarki zai dawo ranar Laraba. Abin da aka faɗa wa mijina a waya daga ƙarshe shi ne inda za a je a ɗauko gawa.

A mako na gaba, a sujada, wani iyali suka fito ba da shaida, an sako nasu, ana ta guɗa ana cewa Allah mai amsa addu'a. Matar mamacin tana zaune kusa da ni. Ta matse hannuna har sai da farcenta ya shiga. Ba ta ce komai ba sai a hanya, ta ce, Yaya, mu wace irin addu'a muka yi da ba ta kai ba?

Zaki, zo ka faɗa mata maciji ne ya sa mata tambayar a baki. Har yau tana zuwa sujada, ita ce ke share majami'a ranar Asabar, amma in aka ta da waƙar da ke cewa Allah ba ya barin nasa, bakinta a rufe yake. In ita ba Kirista ba ce, ni ban san wane ne Kirista ba.

Kande_Narayi
Sannu Mama. Allah ya ta'azantar da ku.

Zaki_na_Yahuza
Mama ki yi haƙuri, ban yi nufin irin wannan ba. Baƙin ciki daban ne. Allah ya ba da ta'aziyya.

Fasto_na_Kauye
Zaki ɗana, ba daban ba ne kamar yadda kake zato. Ni a ƙauye nake kiwo, a gefen Kajuru, na binne mutanen da ni na yi musu baftisma. Yawancin shakkar da ake kawo mini ba daga littafi take fitowa ba, daga bakin kabari take.

Abin da na koma yi shi ne na daina ƙoƙarin kare Allah a wurin jana'iza. Ina buɗe Zabura 44. Mutanen nan suna ce wa Allah, ba mu manta da kai ba, ba mu karya alkawarinka ba, amma saboda kai ake kashe mu dukan yini kamar tumakin yanka, ka farka, don me kake barci? Ku lura, ba su ce mun yi zunubi ba. Sun ce ba mu yi komai ba, kai ne ka yi shiru. Bulus kuma ya ɗauko wannan ayar ya sa ta a Romawa 8:36, a cikin surar da muka fi so. Zabura 88 ta fi wannan ma, daga farko har ƙarshe ba inda ta juya ta yi yabo, da duhu ta ƙare. Habakuk da har yaushe ya buɗe littafinsa. A ƙarshen Ayuba, 42:7, abokan nan uku da suka yi ta kare Allah su ne Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar bawansa Ayuba.

To ga tambayata ga masu cewa shakka raina Littafi ce. Wa ya sa waɗannan surori a ciki? In mun yarda duka hurarre ne, to Ruhu Mai Tsarki ne ya ga dama ya bar mana addu'ar mutumin da bai sami amsa ba. Wanda ya hana a yi irin wannan addu'a shi ne ya rage wani abu daga Littafin.

Yahaya Mai Baftisma ma, da yana kurkuku, ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan ko a sa ido ga wani. Mutumin da ya nuna shi da yatsa a bakin Urdun fa. Yesu ya aika masa da amsa, sannan ya juya ga taro ya ce a cikin waɗanda mata suka haifa ba wanda ya fi Yahaya girma. Matiyu 11 ke nan. Kuma ba a fitar da shi daga kurkukun ba, a nan aka fille masa kai.

Dattijo_ST
Fasto, ba na musu da ko ɗaya. Amma a sa Zakariya, uban Yahayan, a lissafin. Ya tambayi mala'ika ta yaya zai tabbata, aka rufe masa baki har aka haifi yaron. Maryamu ta yi tambaya a sura ɗaya, Luka 1, ba a hukunta ta ba. Ashe akwai tambayar da ake karɓa, akwai wadda ba a karɓa. Kuma ku lura da hukuncin: firist ne, aka hana shi magana na ɗan lokaci. Abin da na ce wa yaron nan ke nan.

Shiru_Shiru
Ban saba rubutu a nan ba, ina karantawa dai. Ni na wuce inda Malamin_Lahadi yake. Ban tabbata na yarda da tashin matattu ba, na daɗe ban ci jibin Ubangiji ba, amma ba wanda ya sani a gida.

Abin da ba wanda ya taɓo shi ne a garin nan kalmar Kirista tana ɗauke da kaya da yawa. A Tudun Wada aka haife ni. Bayan rikicin Fabrairun 2000 muka tsallaka gada muka dawo kudu, kamar yadda maƙwabtan Musulmi da ke wannan gefen suka tsallaka suka koma can. Tun daga lokacin unguwarka ma tana faɗin addininka. Ranar da gari ya rikice aka tare hanya, ba wanda zai tambaye ni ra'ayina a kan 1 Korantiyawa 15, sunana za a tambaya, kuma sunana na Littafi ne. Zan iya mutuwa saboda bangaskiyar da ban tabbata ina da ita ba.

Shi ya sa shakka ke da wuyar faɗa a Kaduna. In ka ce kana da tambaya, abin da mutane ke ji shi ne ka ci amanar waɗanda aka kashe. Mahaifiyata za ta ce, bayan duk abin da muka sha? Don haka muke shiru, muna sa ankon bikin girbi, muna ba da baiko.

Kande_Narayi
Wannan magana ta taɓa ni. Gaskiya ne, a nan ko canja coci ka yi sai an yi taron dangi.

Dattijo_ST
Shiru_Shiru ɗana, na gode da ka faɗi gaskiya, ta fi ƙaryar da ake yi mana a ajin baftisma. Ni ma na kwashe iyalina a 2000, na san abin da kake faɗa. Amma ba zan yi maka daɗin baki ba. Bulus ya ce in ba a ta da Almasihu ba, bangaskiyarmu banza ce. Kiristancin unguwa da na suna ba ya ceton kowa. Tsakaninka da mai tambayar akwai rata: shi har yanzu yana durƙusawa.

Shiru_Shiru
Baba, ni ma wani lokaci ina durƙusawa. Da 'yata ta yi zazzaɓi mai tsanani na yi addu'a kamar mahaukaci. To ina ratar take? Kashi nawa na tabbaci ake buƙata kafin a ƙirga mutum? Uban yaron nan na Markus 9:24 ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa, a numfashi ɗaya, aka kuwa warkar masa da ɗa.

Dattijo_ST
Ba ni da ma'auni. Amma shi wurin Yesu ya kai rashin bangaskiyar tasa. Kai wurin wa ka kai taka?

Katikis_Barnawa
In an yarda ɗan Katolika ya sa baki. Mu wannan ratar an rubuta mana ita. Katikisim na Ikkilisiyar Katolika, sakin layi na 2088, ya raba shakka gida biyu. Akwai wadda mutum ya zaɓa da gangan, ya ƙi karɓar abin da Allah ya bayyana. Akwai kuma wadda ta zo masa ba da sonsa ba, jinkirin zuciya, ko kasa amsa wata hujja, ko damuwa saboda abin ya yi duhu. Ta farkon ce zunubi. Ta biyun an yi gargaɗi ne kawai kada mutum ya riƙa yi mata kiwo da gangan. Abin da Malamin_Lahadi ya kwatanta, a ganina, ta biyun ce.

Da aka buga wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata a 2007, duniya ta ga ta yi shekaru masu yawa tana jin kamar Allah ya yi nisa, tana kuma ci gaba da ɗaukar marasa lafiya daga titi. A 2016 aka sa ta cikin tsarkaka.

Mu ma mun sha namu. A Janairun 2020 aka shiga makarantar horar da limamai ta Good Shepherd da ke Kakau aka ɗauki ɗalibai huɗu. Uku suka dawo, aka kashe Michael Nnadi, yaro ɗan shekara 18. Addu'a ɗaya aka yi wa su huɗun. A ajin katikisim yara sun tambaye ni dalili, na ce musu ban da amsar da za ta ishe su, muka yi addu'a muka tashi.

Zaki_na_Yahuza
Ku da kuka ƙara littattafai bakwai a kan 66 ai dole ku sami wurin ajiye shakka.

Katikis_Barnawa
Ko kuwa ku kuka rage bakwai daga 73. Ka ga yadda ake fara ta?

Mai_Kula_da_Zaure
Zaki da Katikis, a tsaya nan. Wannan muhawarar ta girmi kakanninmu, ba a wannan zaure za a gama ta ba. Ina kuma tunasar da kowa dokarmu: ba zagin ɗarikar wani, ba zagin addinin maƙwabta. Na goge sharhi biyu da suka kauce. A koma kan tambayar.

DanWusasa
Ni Bahaushe ne Kirista, daga Zariya, kuma duk lokacin da na ji ana cewa tambaya daga Shaiɗan take sai in tuna tarihinmu. Akwai mutanen da ake kira Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim na Kano a ƙarni na 19, waɗanda karatunsu ya sa suka yi ta tambaya game da Annabi Isa har aka kashe malamin saboda haka. Zuriyarsu ne suka zo wurin Likita Mila, ɗan mishan, a Zariya a 1913, aka zaunar da su a Gimi. Shi Milan ne ya ja gaba a aikin fassarar da ta ba mu Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Da waɗancan mutane sun bi shawarar Zaki, su daina tambaya su rage zama da masu nuna musu ayoyi, da wasunmu ba mu nan.

Ba za mu yaba wa mutum don ya yi tambaya har ya shigo ba, sannan da ya shigo mu ce an rufe tambaya. Mutanen Biriya ma, Ayyukan Manzanni 17:11, Bulus da kansa ne ke wa'azi, suna komawa suna bincika Nassi kowace rana su ga ko haka ne, kuma yabonsu aka yi.

Zaki_na_Yahuza
Mutanen Biriya da Nassi suka auna Bulus. Ba Nassin suka ɗora a ma'auni ba. Wannan shi ne bambancin da nake ta faɗa tun ɗazu.

Dalibar_Tauhidi
A nan kam Zaki ya faɗi wani abu. Amma Yaya Malamin_Lahadi bai ce Littafin ƙarya ne ba, ya ce akwai inda bai gane ba kuma abin yana cinsa. Wanda bai ɗauki Littafin da nauyi ba, 22 da 42 ba za su hana shi barci ba.

Malamin_Lahadi
Na gode kowa, har da Zaki. Ƙanwata Dalibar_Tauhidi, batun Ahaziya ya sauka. Mama, ban san abin da zan ce miki ba sai sannu. Baba Fasto, na karanta Zabura 44, ban taɓa jin an yi wa'azi a kanta ba.

Amma har yanzu ban san abin da zan yi ranar Lahadi ba. Darasin da ke gabanmu Daniyel ne a ramin zakuna. Littafin koyarwar ya ce in nuna wa yara cewa Allah yana kuɓutar da masu aminci. A ajina akwai yarinyar da ba a kuɓutar da babanta ba.

Fasto_na_Kauye
Ka koyar da Daniyel 6, sannan ka koma baya zuwa 3:17-18, inda samarin nan uku suka ce Allahnmu yana da iko ya cece mu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkin sujada ba. Ka kuma buɗe Ibraniyawa 11 daga aya 35 zuwa ƙasa, inda jerin ya juya: waɗansu aka jajjefe su, waɗansu aka tsaga su da zarto, waɗansu aka kashe su da takobi, kuma duka an shaide su saboda bangaskiya. Littafin koyarwar ne ya yanke labarin, Littafi Mai Tsarki bai yanke ba. In da a ikkilisiyata kake, ba zan karɓi allin daga hannunka ba. Malamin da ya lura da yarinyar nan shi nake nema.

Yar_Aji_Shida
Ku yi haƙuri iyayena, ni ƙarama ce a nan amma mu ake magana a kai. Duk abin da kuke tsoron kada mu ji, mun riga mun ji. Bidiyoyin Ahmed Deedat suna yawo a TikTok da WhatsApp, 'yan ajinmu suna turo mana. In muka tambayi malami ya ce kada mu yi tambayar rashin bangaskiya, mun san bai san amsar ba ne, sai mu daina tambayarsa mu koma waya. Ni na fi son wanda zai ce ban sani ba, bari in bincika.

Dattijo_ST
'Yata, na ji ki. Ban sani ba kan ayar Ahaziya abu ne, ban tabbata akwai mai jin addu'ata ba wani abu ne. Na farkon kowane malami zai iya faɗa a aji. Na biyun in ya faɗa wa 'yan shekara goma sha huɗu, ya ɗora musu kayan da shi kansa ya kasa ɗauka. Ɗana Malamin_Lahadi, ban janye shawarata ba. Amma kada ka kai ta zaman dattawa, ka sami fastonka shi kaɗai.

Maman_Tagwaye
Wannan kam na goyi bayan Baba. Ka kai zaman dattawa da yamma, kafin gari ya waye zumuntar mata na yi wa matarka jaje.

Kande_Narayi
Baba, aya ɗaya ta ƙarshe daga gare ni. Matiyu 28:17, a kan dutse a Galili, bayan tashinsa, suka gan shi suka yi masa sujada, amma waɗansu suka yi shakka. Aya biyu a gaba ya ce musu su je su almajirtar da dukan al'ummai. Bai ware masu shakkar ya ce su huta tukuna ba.

Dattijo_ST
'Yata, ki haɗa da Luka 24:49. Ya aike su, amma ya ce su dakata a birni sai an suturta su da iko daga sama. Daga nan ba wanda ya yi wa'azi a cikinsu sai ranar Fentikos.

Shiru_Shiru
Su an faɗa musu abin da za su jira, bai kuma daɗe ba ya zo. Wanda ya yi shekaru yana jira fa?

Bakanike_Kakuri
Ku yi haƙuri in katse ku. Ƙanwata Dalibar_Tauhidi, tunda kina nan, ga wata da aka taɓa nuna mini. 2 Sama'ila 24:1 ta ce Ubangiji ne ya zuga Dawuda ya ƙidaya Isra'ila, 1 Tarihi 21:1 ta ce Shaiɗan ne. Wannan ma mai kwafa ne?

Dalibar_Tauhidi
A'a Yaya, wannan ba ta mai kwafa ba ce, haka marubutan biyu suka rubuta. Amsar da aka fi bayarwa ita ce a duba Ayuba 1 da 2, inda Shaiɗan ke aikatawa amma sai da izinin Allah, don haka ɗaya ya ambaci mai ba da izini, ɗaya ya ambaci mai aikatawa. Tana da ƙarfi, sai dai tana mai da mu kan tambayar matar da Mama ta ba da labarinta, wato don me ake ba da izinin.

Zaki_na_Yahuza
Kun gani ko? Abin da Baba Dattijo ya faɗa ke nan. An fara da shekarun sarki, ga shi an kai ga tuhumar Allah.

Kande_Narayi
Zaki, ayoyin nan biyu suna cikin Baibul ɗinka kai ma, buɗe ka gani.